Tsufa a Ƙonni, Malbaza da Illela: Wa ke riƙe da dattawa idan 'ya'ya sun tafi biɗa?

A duk shekara, da zarar an gama girbi an jera damman gero a rumbu, wato wajen watan Nuwamba, sai tashoshin mota na Birnin Ƙonni da Galmi da Badagishiri su cika maƙil da samari. Wasu Sakkwato da Kano da Legas suka nufa, wasu Abijan, wasu kuma su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Wannan ita ce tafiyar da ake kira ci-rani, mutanen yankin kuma su ce biɗa, kuma jihar Tawa ta daɗe da yin suna a kanta a duk faɗin Jamhuriyar Nijar. An sha yin magana kan waɗanda ke tafiya da irin wahalar da suke sha a hanya. Waɗanda ba a cika tunawa da su ba su ne iyaye da kakannin da ake bari a gida, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ba su iya noma, ba su iya jan ruwa a rijiya, amma dole su ci, su sha, su nemi magani har zuwa faɗuwar damina.

Gundumomin nan uku suna kudancin jihar Tawa ne. Ƙonni na bakin iyaka, 'yan kilomitoci kaɗan tsakaninta da garin Illela na jihar Sakkwato. Malbaza, wadda aka cire daga cikin Ƙonni a shekarar 2011, ita ke da masana'antar siminti da kuma garin Galmi mai albasa. Illela ta Nijar kuwa, wadda bai kamata a haɗa ta da takwararta ta Nijeriya ba, nan ne mazaunin Sarkin Adar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Ƙonni na da mutum sama da dubu 300, Illela sama da dubu 330, Malbaza kuma sama da dubu 230. Nijar ƙasa ce ta yara, domin kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura shekara 60 kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. To amma ko da kashi 4 aka ɗauka, lissafi zai nuna ana maganar dattawa kusan dubu 35 ne a waɗannan gundumomi tun a wancan lokaci. Adadin kuma ƙaruwa yake yi, ganin cewa tsawon ran da ake sa wa ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba a 1960, yanzu kuwa ya haura 60.

Gida shi ne gidan gajiyayyu

A ƙasashen Turai da Amurka gwamnati ko kamfanoni ne ke tura ma'aikata gidajen tsofaffi su dafa masu abinci, su yi masu wanka, su duba lafiyarsu, domin kada a kai su gidajen ajiye tsofaffi. A ƙasar Hausa ba a san wannan a matsayin aikin albashi ba. Ko a manyan birane irin Kano da ke da gidan gajiyayyu a Shahuci, abin kunya ne babba a ji cewa mahaifin wani ko mahaifiyarsa na can. Tsoho a ɗakinsa yake tsufa, a nan kuma ake sa ran zai cika, kuma addini ya ƙarfafa hakan, domin ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i a kan kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su suka yi magana.

Tushen wannan kulawa shi ne gandu. A da, uba da 'ya'yansa maza da matansu gona ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya ake ɗorawa, kowane ɗa kuma yana da 'yar gamanarsa da yake nomawa a ranakun da ba na gandu ba. Idan maigida ya tsufa sai ya miƙa wa babban ɗa ragamar aiki, amma gonar tasa ce, mabuɗin rumbu kuma na hannunsa, wanda hakan ya sa babu mai iya yin wasa da cinsa. Gona ita ce fanshon manomi.

Yau gandun ya rarrabu a gidaje da dama. Yawan jama'a ya sa gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu ko sau uku, har ta kai abin da ake samu ba ya kai iyali wata shida. Wasu sun jinginar da gonakin, wasu sun sayar. Saurayin da ya ga babu abin da zai gada ba shi da dalilin zama a gandu, don haka da ya yi aure sai ya ware tukunyarsa, ko ya kama hanyar biɗa.

Aikin yau da kullum kuwa, ko a da ko a yanzu, a kan mata yake. Matar ɗa ce ke surfe da daka, ita ke dama furar rana, ita ke kai ruwan wanka bayan ɗaki, idan kuma ciwo ya kwantar da tsohuwa ita ke juya ta da wanke mata tufafi. Bayan ita sai jika. Al'ada ce a ba kaka yarinya ta riƙa, ta ɗebo mata ruwa, ta samo itace, ta kwana ɗakinta domin ko wani abu ya faru cikin dare, kuma wasan da ke tsakanin kaka da jika na rage wa tsoho kaɗaici ƙwarai. Sai dai sau da yawa yarinyar ce ke biyan kuɗin wannan hidima da karatunta, domin wadda ke jiran kaka ba kullum take zuwa makaranta ba.

Kuɗin biɗa da rufe iyaka

Abin da ya maye gurbin gandu shi ne saƙo. Ɗan da ke Abijan ko Legas ko Sabha yakan turo kuɗi ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana, waɗanda ke da rassa a manyan garuruwa. Wasu har yanzu ta hannun direbobi ko 'yan gari masu komawa gida suke aikowa. Akwai kuma dabarar da wayar hannu ta kawo: ɗa ya biya wani ɗan kasuwa a can inda yake, shi kuma ya bugo wa ɗan'uwansa mai shago a ƙauye ya auna wa tsohon tiyar gero ko ya ba shi buhun masara. Ta haka tsoho ba ya buƙatar hawa mota ko neman katin ɗan ƙasa kafin ya karɓi haƙƙinsa.

Matsalar ita ce wannan igiya tana tsinkewa duk lokacin da wani abu ya faru a ƙasar da ɗan yake. Idan dai ba a manta ba, rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011, da yaƙin Libiya na 2011, sun koro dubban 'yan Nijar gida hannu rabbana, kuma da yawansu 'yan jihar Tawa ne. Masu ciyarwa suka dawo suka zama abin ciyarwa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyakar, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Garin Ƙonni da kasuwanci da Nijeriya yake numfashi, saboda haka 'yan kabu-kabu da 'yan dako da masu canji da direbobi, waɗanda kowannensu ke da tsofaffi a bayansa, duk sun ji a jikinsu.

A daidai wannan lokaci ne kuma darajar naira ta zube. Dalar Amurka ɗaya da ake canzawa ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, alhali sefa na ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsa sosai ba. Ma'ana, yaron da ke tura ruwa a kura a Kano ko yake gadi a Legas, ko da bai rage abin da yake aikowa ba, idan aka canza shi a Ƙonni ba ya sayen abin da yake saye a da.

Maƙwabta, masallaci da ƙungiyoyin mata

Idan saƙo ya yanke, unguwa ce ke tare ɓarakar. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai hanyoyi da dama da ake taimakon tsoho ba tare da an kira abin taimako ba. Akwai ciyayya, inda gidaje ke aika wa juna kwanon tuwo da dare, kuma kowa ya san kwanon da aka kai wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ba a jiran ya dawo da komai. Akwai almajirin da ke ɗebo mata ruwa da yin aike domin ta ba shi abinci da wurin ajiye kaya. Akwai gayya, inda samari ke taruwa rana guda su nome gonar wanda ba ya iyawa, ko su yaɓe masa ɗaki kafin ruwa ya sauka. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, wato daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya sun mayar da irin wannan aikin gayya tsararre a kusan kowane gari. Bayan shuɗewarsu, fadojin samari na shan shayi ne suka cika unguwanni, wasu na yin aikin gayya, wasu kuma hira kawai.

Sai zakka. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yana fitar da dami ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da gonar, ko ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa ya yi da wahalarsa, ga kuma zakkar fid-da-kai a ƙarshen azumi da naman layya. Dattawa marasa galihu na cikin waɗanda ake fara tunawa da su. To amma a nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, zakkar hatsi da damina take tafiya, shekarar da aka yi fari, lokacin da tsoho ya fi buƙata, a lokacin ne ba a samun mai fitarwa. Na biyu, babban arzikin kwarin Magiya da kewayen Galmi albasa ce, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin ba a fitar da zakkar amfanin gona a kan kayan lambu, sai dai a kan kuɗin idan sun kai nisabi sun kuma shekara. Ke nan abin da mai albasa zai ba tsohon unguwarsu ya rataya ne a kan sadaka da tausayinsa.

Mata ma suna da nasu tsarin. Baya ga adashi, akwai ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara kafawa a jihar Maraɗi a 1991, waɗanda suka bazu har cikin jihar Tawa, daga baya ma wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwaya. Mata kan zuba kuɗi duk mako a akwati, su ba juna rance, galibi kuma su ware ɗan wani abu domin rashin lafiya ko rasuwa. Sau da yawa daga wannan akwati kuɗin maganin suruka ke fitowa kafin saƙon miji ya iso.

Waɗanda ke faɗawa ta ɓaraka

Duk wannan tsari yana aiki ne ga wanda ya haifa, kuma 'ya'yan suka rayu, suka kuma tuna da shi. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce tsohuwar da mijinta ya rasu ba ta da ɗa namiji a gidan. A rabon gado, matan mamaci kashi ɗaya cikin takwas suke rabawa idan ya bar 'ya'ya, ko ɗaya cikin huɗu idan bai bari ba. Da ta gama takaba ta wata huɗu da kwana goma, mai 'ya'ya takan ci gaba da zama a ɗakinta, marar ɗa kuwa sau da yawa komawa take yi gidan 'yan'uwanta maza, inda wataƙila su ma sun tsufa ko sun rasu, ta zama nauyi a kan 'ya'yansu.

Akwai kuma waɗanda gigin tsufa ya kama, suna mantuwa, suna sambatu, suna fita cikin dare. Likitoci sun san wannan a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa, amma a ƙauyuka da dama akan fassara shi da iska ko sammu, wani lokaci ma a jefi tsohuwa da maita, yara su riƙa gudunta, maƙwabta su janye kwanonsu a lokacin da ta fi buƙatarsa. Da yawa daga cikin tsofaffin da ake gani suna bara a bakin masallatan Juma'a da tashoshi irin waɗannan ne da igiyar ta tsinke masu.

Yanayi ma bai bar su ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, a daidai lokacin da samari ba sa gari. A farkon watan Afrilun 2024, cikin azumi, asibitin Gabriel Touré na Bamako a ƙasar Mali ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu a lokacin tsananin zafin da ya mamaye yankin Sahel, kuma da yawansu sun haura shekara 60. A daminar wannan shekarar kuma ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Ɗakin ƙasar da ba a yaɓe ba shi ke fara faɗuwa, wanda ba ya iya gudu kuma shi yake dannewa.

Ina hukuma take?

Fansho na 'yan ƙalilan ne. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati na karɓar nasu daga asusun CARENI, ma'aikatan kamfanoni irin su masana'antar simintin Malbaza kuma daga CNSS. Manomi da makiyayi da mai sayar da ƙosai ba su cikin ko ɗaya.

A kan takarda ba a manta da su ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ɗora wa gwamnati alhakin kula da tsofaffi, an kuma fitar da manufar ƙasa kan kare marasa ƙarfi a 2011. A matakin nahiya, Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016, wadda ta fara aiki a 2024. Sai dai a aikace shirye-shiryen da suka isa ƙauye a kan uwa da yaro aka gina su. Maganin kyauta da aka ɓullo da shi a 2006 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne da mata masu ciki. Shirin tallafin kuɗi da Bankin Duniya ya ɗauki nauyinsa daga 2011, wanda ya riƙa ba gidaje matalauta sefa dubu 10 a wata har tsawon shekara biyu, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda suka amfana, gida yake dubawa ba tsoho ba. Haka nan hatsin farashi mai rahusa da ake sayarwa lokacin bazara da damina, sai mai kuɗi a hannu da ƙarfin bin layi.

Matakin da ya taɓa tsofaffi kai tsaye shi ne rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumbar 2024. Wannan sauƙi ne ba ƙarami ba. Amma cututtukan tsufa ba irin na kwana uku ba ne. Hawan jini da ciwon suga magani suke so kowane wata har ƙarshen rai, kuma sau da yawa ba a gano hawan jinin sai ɓarin jiki ya shanye. Yanar ido aikin mintoci ne ke cire ta, amma takan zaunar da dattijo shekaru a ɗaki, ta kuma hana jikan da ke yi masa jagora zuwa makaranta. Daga ƙauye sai an ɗora marar lafiya a amalanke zuwa cibiyar lafiya ta CSI, daga nan a tura shi asibitin gunduma, ko asibitin mishan na Galmi da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, ko babban asibitin Tawa. Masu hali kan tsallaka zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ya fi Yamai kusa da Ƙonni nesa ba kusa ba. Kowane mataki kuɗin mota ne da na mai jinya.

Abin da za a iya yi

Ƙasar Senegal ta fara bai wa 'yan shekara 60 zuwa sama magani kyauta a 2006, Lesotho kuma ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 fansho a 2004. A maƙwabta, jihar Sakkwato na da hukumar zakka da waƙafi mai kwamitoci a gundumomin sarakuna. Darasin da ke cikin shirin Senegal, wanda kuma Nijar ta gani da idonta a maganin kyautar yara, shi ne idan gwamnati ba ta biyan asibitoci kuɗinsu a kan lokaci, kyautar takan koma takardar sayen magani a kanti. Saboda haka alƙawarin da ba a ware wa kuɗi ba ba shi da amfani.

Akwai dai abubuwan da ba sa buƙatar jiran Yamai. Babu mai unguwa ko hakimi ko limamin da bai san tsofaffin da ba su da kowa a yankinsa ba, abin da ya rage shi ne a rubuta sunayensu a ofishin magajin gari, domin duk rabon da ya zo a fara da su, a kuma kai masu har gida. Wakilan lafiya na ƙauyuka da ke bi gida-gida domin rigakafi da maganin zazzaɓin yara suna wuce ƙofar ɗakin kaka a kowane zagaye. Da za a ba su na'urar awon jini da ɗan horo, da an kama cututtuka da dama tun ba su kwantar da mutum ba. Masallatai na iya tara zakka wuri guda su ajiye wani kaso har zuwa Yuli da Agusta lokacin da rumbuna ke komawa fanko, maimakon a rabar da ita gaba ɗaya da kaka. Ƙungiyoyin manoman albasa da na 'yan kasuwar Ƙonni na iya ɗaukar nauyin aikin ido sau ɗaya a shekara. Fadojin samari kuma su sa ranar yaɓe da gyaran rufi a watan Mayu.

Su kuma 'yan biɗa, kuɗi kaɗai ba ya wanke haƙƙi, domin zumunta a ƙafa take. Wanda ya bar mahaifiyarsa a hannun matarsa ya sani cewa aiki ya bar mata, ya kamata saƙonsa ya haɗa da nata, kada kuma a cire 'yarsa daga makaranta da sunan jinya. Samarin da ke cika tashar Ƙonni a bana su ne za su zauna a zaure suna jiran saƙo nan da shekara 40, kuma tsarin da suka bari shi za su tarar. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyayenmu, Ya sa mu gama da su lafiya.